Gutsure na Ƙarshe a Gwangwanin Si Shadli

Ƙarnin kifi ne ya tarbi Widad da ta buɗe tandar ɗakin bincike da hantsin ranar Litinin. Ta ja da baya tana toshe hanci da gefen mayafi. A kan ragar ƙarfen da take jera kwalabenta ga wani ɗan kwanon silba, miyar kifin jiya na ɓararraka a ciki, mai ya tsattsafo ta gefen murfi yana ɗiga a ƙasan tandar. Shekara huɗu ke nan tana roƙon Ammi Munji, ma'aikacin da ke kula da kayan ɗakin, ya daina ɗumama abincinsa a nan, shekara huɗu yana ba ta amsa ɗaya, wai tanda ba ta san bambancin kifi da kimiyya ba, zafi kawai ta sani.

A cikin wannan tanda take noman abin da 'yan ɗakin ke kira ciyawa. Ana narka garin tutiya, dangin farin nan da ake haɗa man shafa wa jarirai da shi, a zuba a kwalba, a kifa wani gutsuren faifai mai kama da gilashi, mai girman farce, a kan ruwan, a bar shi awa shida cikin zafi. In an fito da shi sai ka ga ya yi fari-fari kamar an hura masa gari. A ƙarƙashin babban madubin jami'a mai ƙara girman abu ne kaɗai ake ganin abin da ya tsiro: siraran wayoyi dubbai a tsaye cirko-cirko, sai an tara ɗaruruwansu kafin su kai kaurin gashi guda. Faifan rabin ƙwan lantarki ne, ciyawar ita ce ɗaya rabin, kuma daidai inda suka haɗu nan haske ke fitowa in an ba su wuta. Haka dai aka rubuta a kundinta mai shafi ɗari da tamanin, wanda za ta tsaya ta kare a gaban malamai biyar nan da kwana tara, a ce mata dakta ko a hana ta.

Abin da ya ɗaga sunan ɗakin kuwa wani ɗan abin mamaki ne. Fitilun da ake haɗawa a nan ba sa kamawa in an jona musu wuta yadda littafi ya ce, sai an juya wayoyin, ja ta koma wurin baƙa, sannan wani shuɗin haske ya leƙo. Shugaban ɗakin, Farfesa Shadli, wanda ake kira Si Shadli don girmamawa, ya gina dogon bayani a kan wannan juyi, ya rubuta maƙaloli uku, ya yawata tarurruka da shi har ƙasashe huɗu, ya yaye daktoci biyu. Widad ce ta uku a layi.

Ta bar tandar a buɗe don ƙarnin ya fita, ta zauna da gutsurenta a cikin ɗan akwatin roba. Shi ne na ƙarshe da aka ba ta, wanda za ta shuka wa ciyawa ta nuna ranar kare kundi. Sai an yi aƙalla awa guda kafin tandar ta zama wurin da mutum zai sa aikinsa. Kuma zaman jiran nan ne ya dawo mata da maganar mahaifinta.

Ranar Juma'a ne, suna cin kuskus a gida. Mahaifinta Si Ayyadi mai gyaran wuta ne, shagonsa na kasuwar Bab Jabli ya girme ta.

"To binti, 'yata, sake faɗa min a hankali," in ji shi, "don in an tambaye ni a kasuwa kada in yi shirme. Kika ce sai an juya waya yake kamawa?"

"Sai an juya, Baba. Ai shi ne sabon abin da muka gano."

"To, Allah ya sa alheri. Ni dai a tawa sana'ar, in abu ya kama a juye ba na cewa na gano, cewa nake wani ya yi min aika-aika a cikin bango." Ya tauna lomarsa ya haɗiye. "In kin cire ciyawar taki fa, mutuwa yake?"

"Mutuwa mana. Ita ce fa rabin fitilar."

"Kin gwada?"

"Kai dai Ayyadi!" Mahaifiyarta Najiba ta dangwarar da ludayi. "Yarinya ta yi shekara goma sha ɗaya a jami'a, kai da 'yar testarka za ka koya mata aiki? Ku bar min wannan, ku gaya min tiren baƙalawa nawa za a yi na kayan zaƙin walima, uku ko huɗu."

Aka yi dariya, aka tsayar da huɗu. Amma Widad ta san ba ta taɓa gwadawa ba, kuma a iya saninta babu wanda ya taɓa. Dalilin ma abin kunya ne. Ɗakin nan bai taɓa sayen faifai ba. Shekara tara da suka wuce Si Shadli ya dawo daga Faransa da guda shida a cikin akwatin kayansa, kyautar wani tsohon abokin karatunsa, aka yayyanka su ƙanana aka zuba a gwangwanin alewa, aka kulle a durowarsa. Ɗalibi sai ya yi sallama uku kafin a ciro masa gutsure biyu da ɗan hantsaki, ana yi masa wa'azin tattali. Mu mutanen birnin Safakis dama an daɗe ana yi mana gorin maƙo, to Si Shadli ya mai da shi ilimi. A ɗauki gutsure guda a manna masa waya ba tare da an shuka masa komai ba, ai wannan almubazzaranci ne, ko a mafarki ɗalibi ba ya tunanin haka. Kyautar da malam ya ɗauko daga Turai da hannunsa kuwa, wa zai tsaya tambayar asalinta?

Ta duba agogo, ta duba ƙofa. Ta ce a ranta minti biyar ne, in ya so ta wanke shi ta shuka. Ta ɗauko ƙarfen nan mai laushi kamar dalma, ta danna ɗigo ɗaya a tsakiyar gutsuren, ɗaya a bakin gefe inda aka yanka, yadda Ammi Munji ya koya wa kowa. Ta maƙala wayoyi a juye, ta fara murɗa wuta a hankali.

Ba ta ma kai rabin inda ta saba kaiwa ba, teburin ya haske.

Shekara huɗu sai ta kashe fitilun ɗaki, ta rufe tagogi da kwali, ta lulluɓe kanta da baƙin yadi kafin ta ga ɗan shuɗin da ciyawarta ke bayarwa. Wannan kuwa, da hantsi, tagogi a buɗe, ga shi yana haska mata yatsu har tana ganin layin tafin hannunta. Ta kashe, ta kunna. Ta canja wayoyi, ta canja na'ura. Ta ɗauko mafi kyau daga cikin nata masu ciyawa ta jona kusa da shi, sai ya zama kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ba ta buƙaci a yi mata bayani ba. Faifan ba rabin ƙwai ba ne, cikakken ƙwan lantarki ne, ɗaya rabin yana binne a ƙasa, kuma ɗigon dalmar da ake dannawa a bakin yanka shi ke taɓa shi. Shi ya sa sai an juya waya. Ciyawarta ba ta taɓa ba da haske ba, tare shi ma take yi.

"Rage masa wuta, binti, kada ki ƙone shi."

Ammi Munji ne a bakin ƙofa, da tsumma a hannu ya zo ɗaukar kwanonsa. Ya kalli hasken kamar yadda ake kallon motar da ta saba wucewa kullum.

"Ammi Munji, ka ga abin da nake gani? Ba ciyawa a kansa!"

"Na gani. Ke kin ma yi jinkiri, Lamjad a shekararsa ta biyu ya gani."

Lamjad shi ne dakta na farko da ɗakin ya yaye, yanzu malami ne a sashen, ofishinsa na hawa na biyu. Shi ya gyara mata babi na uku, har ya yaba mata.

"Ka sani? Duk shekarun nan ka sani?"

"Ni na yanka faifan da hannuna, takardar da aka naɗo su a ciki ni na jefar. Ragowar wata masana'antar ƙwan lantarki ce, an rubuta ɓaro-ɓaro." Ya buɗe kwanon, ya tsoma burodi, ya tura a baki, miya na bin gefen leɓensa. "Ni aikina yanka da wanki. In na ce Farfesa ga abin da takarda ta ce, sai ya ce Munji yaushe ka zama dakta. Zo ki ɗanɗana, matata ta sa kamun da yawa, ji ƙamshinsa."

Ta tuna asubancin da ta yi don ta riga kowa tanda, da fatar yatsunta da sinadari ya ɗaye, da auren ƙanwarta da ta bari a tsakiya ta dawo fitar da kwalba. Mutumin nan yana kallonta duk tsawon lokacin yana cin kifinsa. Ta kwashi gutsuren biyu ta fice.

Ta sami Si Shadli a ofis yana cin zaitun daga leda, yana tofa ƙwallayen a cikin wani farantin gilashi na ɗakin bincike, irin wanda ake hana ɗalibai taɓawa da hannu tsirara. Ta jona gutsuren a kan teburinsa da ɗan batirin da ta zo da shi. Hasken ya faɗa a kan gilashin idonsa. Ta zuba masa ido tana jiran ya firgita, ko ya yi fushi, ko ya ce ƙarya take. Da ma ya yi ɗaya daga ciki, da ta ji sauƙi.

"Wa ya ba ki izinin ɓata gutsure?" Abin da ya fara cewa ke nan.

"Si Shadli, hasken ba namu ba ne."

"Rufe ƙofa. Zauna." Ya tofa ƙwallo, ya goge yatsu a jikin kujera. "Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Ammi Munji dai ya gani."

"Munji ba kowa ba ne. Saurara, Widad, ke kamar 'yata ce. A kimiyya ba a cewa ba namu ba ne. Cewa ake akwai hanyoyi da dama da ka iya ba da gudummawa ga hasken. Kin auna kin tabbatar ciyawar ba ta ba da ko ɗigo? Ba ki auna ba, kuma na'urar da za ta auna haka babu ita a ƙasar nan."

"Amma ya fi haske in babu ita. Sau ɗari."

"To sai me kike so? Mu aika wa mujallu uku mu ce ku yi haƙuri? A karɓe digirin Lamjad, mai 'ya'ya uku? Na Sundus fa, da ta biyo bayansa, take koyarwa a garin Gabis, ita me ta yi miki? Ke kanki, shekararki talatin da ɗaya. A ƙarshen watan nan ake rufe neman gurbin koyarwa, in ba ki da takarda a hannu sai wata shekarar, in ma an buɗe. Sabon kundi kuma shekara huɗu ne, kuma ki nuna min malamin da zai ɗauki ɗalibar da ta kwance wa malaminta zane a kasuwa."

Abin haushin shi ne babu ƙarya a lissafinsa ko ɗaya.

"Ki karɓi takardarki," ya ci gaba, muryarsa ta yi laushi. "In kin zama dakta kin sami ɗakinki, ki yi gaskiyar da kike so, ba mai hana ki. Kowa haka ya fara."

Ya jawo gutsuren kusa, ya kashe ya kunna, yana murmushi kamar yaron da aka saya wa tocila. Nan ne ya faɗi abin da ya fi komai muni.

"Kin san me? Kada ki shuka masa komai. Da wannan za ki nuna ranar Laraba. Labulen zauren nan a yage yake, naki ba zai ganu ba. Wannan kuwa har na kujerar baya sai ya gani. Ai gara da kika gwada."

Ta fito tana jin kamar an shafa mata wani abu mai yauƙi a jiki. A matattakala ta haɗu da Lamjad, ya ce mata, "Dakta ta gobe, an shirya?" Ta kalle shi, ya kalle ta, sai ya sunkuyar da kai ya ce yana da aji.

Ta yi niyyar gaya wa mahaifinta. Washegari da la'asar ta bi ta Bab Jabli, ta same shi yana musu da wani mai gini da ke son a sa masa siririyar waya a inda ya kamata a sa mai kauri.

"Ba wanda zai gani, Si Ayyadi, cikin bango ne!"

"Ni zan gani. Je ka wurin wani, ga su nan birjik a layin." Sai ya hango ta, fuskarsa ta washe. "Zo, zo. Ka ga wannan? 'Yata ce. Ni sayar da ƙwan lantarki nake, ita yin sa take, da hannunta, daga garin tutiya. Ranar Laraba shagon nan a rufe yake, ka gaya wa kowa."

Katin gayyatar yana manne a bango, a saman kalanda, an sa shi a leda don kada ƙura ta taɓa shi. Ya aika aka kawo mata lemon tsami mai sanyi, ya zagaya da ita shaguna huɗu ana yi mata fatan alheri. Da suka dawo ya tambaye ta ko akwai abin da ya kawo ta, ta ce a'a, wucewa take.

Kwanakin suka tafi. Kullum sai ta tsara jimlar da za ta faɗa a gaban kwamitin, kullum sai ta sake ta. A ƙarshe ta yanke wa kanta wata 'yar dabara da ta san ta matsorata ce: za ta nuna nata mai ciyawa, komai dusashewarsa, ba za ta taɓa ɗayan ba. Ba ta faɗi gaskiya ba, amma dai ba ta ƙara ƙarya a kan ƙarya ba. Duk da haka, da safiyar Laraba, gutsure biyu ta jera a kan allon nuni, ta gaya wa kanta wai don kada Si Shadli ya yi mata magana.

Zauren ya cika. Dangin uwa daga unguwar Sakiyat Zit, maƙwabtan shago, ƙawaye, har da mai ginin nan da aka kora. A waje an jera tire huɗu na baƙalawa da kwalaben lemo an rufe da farin yadi, ƙamshin man shanu da ruwan fure yana shigowa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Malamai biyar suka zauna a gaba. Shugaban kwamitin, wanda ya zo daga Tunis, ya ajiye agogonsa a kan tebur don yana son ya sami jirgin ƙasan rana. Wani daga cikinsu ya buɗe kundin, ta ji ƙarar da sabon littafi ke yi in ba a taɓa buɗe shi ba. Ta yi bayaninta na minti arba'in ba tare da ta yi tuntuɓe ba, tana jin muryarta kamar ta wata. Tambayoyin da suka yi mata a kan waƙafi ne, da wani jadawali da ba a sa wa lamba ba, da dalilin da ya sa ba ta ambaci maƙalar shugaban kwamitin ba. Babu wanda ya tambayi abin da mai gyaran wuta ya tambaya da kuskus a bakinsa.

"To, a nuna mana hasken," in ji shugaban.

Ammi Munji ya kashe fitilu, ya ja labule. Rana ta ci gaba da kwararowa ta yagar. Widad ta maƙala wayoyi a nata mai ciyawa, ta murɗa wuta har ƙarshe. Ita da ke tsaye a kansa tana ganin ɗan shuɗin, da ƙyar.

"Ya kama?" Shugaban ya miƙo wuya. "Ni ban ga komai ba."

Aka fara ƙus-ƙus a baya. Wata goggonta ta tambaya da ƙarfi ko an fara. Si Shadli ya yi gyaran murya, bai ko kalle ta ba, yana wasa da biro. Jimlar da ta tsara tana nan a bakinta, gajeriya ce, numfashi ɗaya ta ishe ta. Ta ɗago kai don ta faɗa, sai idonta ya sauka a kan mahaifinta a layin farko, cikin kwat ɗin da ya sa ranar auren ƙanwarta, ya yunƙura daga kujera, hannunsa a aljihun da yake sa testa.

"Duba maƙalin, binti," ya ce a hankali, amma kowa ya ji. "Wataƙila bai kama sosai ba."

Aka yi dariya. Ya koma ya zauna, kunnuwansa sun yi ja.

Hannunta ne ya yi aikin, kuma ba za ta ce ba ta san abin da yake yi ba. Ta cire maƙalan, ta matsar da su ɗan yatsa ɗaya zuwa dama, kan gutsuren da ba shi da ciyawa. Shuɗin haske ya bugi silin, ya wanke fuskokin malamai biyar. Najiba ta rangaɗa guɗa, matan baya suka amsa, shugaban ya buga tebur yana neman a yi shiru alhali shi ma murmushi yake. Si Shadli ne ya fara tafi.

Minti goma kwamitin ya yi a ɗaki. Suka fito suka ba ta digirin da mafi girman yabo. Kafin shugaban ya rufe baki an yaye yadin tire, mutanen da suka yi shekaru suna karatu suka faɗa wa baƙalawa da hannu biyu. Shugaban ya naɗe guda shida a takarda ya tura a jaka saboda hanya. Ammi Munji yana lasar yatsu yana ce mata dakta. Lamjad ya miƙo mata hannu, ya ce, "Barka da shigowa," ta karɓa, tafinsa da danshi. Si Shadli ya riƙe Najiba da hira yana gaya mata a shekara talatin bai taɓa samun ɗaliba mai tsantseni irin 'yarta ba. Widad ta tsaya a tsakiyarsu ana sumbatar kumatunta, tana neman wanda za ta fi ƙyama a cikinsu, ta rasa wanda ya fi ta.

Ta koma cikin zauren don ta kwashe kayanta. Mahaifinta ya biyo ta da ɗan faranti a hannu, ya tsaya a kan allon nunin yana kallon gutsuren da har yanzu maƙalan ke jikinsa.

"Ki yafe min maganar da na yi ɗazu, bakina ne ya suɓuce."

"Ba komai, Baba."

"Na ce ba, Dakta." Ya yi dariya don jin kalmar a bakinsa. "Tambayar nan tawa ta ran Juma'a. Uwarki ta yi min faɗa, amma wallahi ta tsaya min a rai, kin san halin tsoho. Kin samu kin gwada? Ba ciyawar?"

A waje ana kiran sunanta a zo a ɗauki hoto.

"Na gwada."

"To?"

"Ya mutu, Baba."

"Murus?"

"Murus."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. To hasken naki ne, ba mai ja." Ya cire maƙalan a hankali yadda mai sana'a ke yi, ya ɗaga gutsuren ta wajen yagar labule. Garau yake kamar gilashin taga. "Ikon Allah, ciyawar nan da siranta take, ko alamarta ba a gani. Ki bar min shi in ajiye a shago, duk wanda ya zo in kunna masa."

Ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihun ƙirji, kusa da testa. Sannan ya ɗauki baƙalawa ɗaya daga farantin, ya kai mata baki da hannunsa kamar yadda yake yi tana ƙarama. Ta buɗe baki ta karɓa. Zumar ta cika mata baki, mai ya manne mata a dasashi. Yana tsaye yana kallonta yana jira, don haka ta tauna ta haɗiye.